Fim ɗin da ya haɗiye tatsuniyoyi

Duk wanda ya yi samartakarsa tsakanin 2005 da 2010 ba zai manta da faifan nan na China ba, wanda ke zuwa cikin leda da takarda mai sheƙi, an jera hotunan fina-finai birjik a bayansa. Masu baro ne ke yawo da su a bakin tasha da ƙofar kasuwa. A lokacin jarumi ake saye: wannan faifan Jackie Chan ne, wancan na Van Damme, na can ƙasa na Jet Li. Duk abin da aka cusa maka a ciki rabonka ne. Ta haka The Brothers Grimm ya shigo ɗakinmu na zaure a Funtuwa, a maƙale cikin faifan Matt Damon da muka yi karo-karo muka saya saboda Jason Bourne. Muka baje a tabarma muna jiran harbe-harbe da tseren mota, sai ga mutuminmu bisa doki, cikin ruwan sama da taɓo, ya zo damfarar ƙauyawa.

Ga yadda labarin yake, don wanda bai gani ba. A 1796, a Jamus, wata yarinya tana kwance rai a hannun Allah, aka aiki ɗan'uwanta Jake ya sayar da saniyar gidan a samu kuɗin magani. Yaro ya dawo da 'yan ƙwayoyin wake a tafin hannu, wai an ce masa na sihiri ne. Yarinya ta cika. Ɗan'uwansa Will bai taɓa yafe masa ba, har girmansu, da zarar Jake ya buɗe baki zai yi zancen abin da ido ba ya gani, sai Will ya goranta masa da wake. Bayan shekara 15, sojojin Napoleon sun mamaye ƙasar, su kuma 'yan'uwan sun zama riƙaƙƙun 'yan damfara. Sai su shiga ƙauye su ji abin da mutane ke tsoro, yaransu biyu su haɗa mayyar bogi da igiyoyi da hayaƙi, su kashe ta a gaban shaida, su karɓi lada su ƙara gaba. Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun san mai binne laya da dare ya dawo da hantsi ya tono ta a gaban jama'a, shi ya sa tun a nan ɗakin ya ɗau dariya.

Da asiri ya tonu, wani janar na Faransa mai suna Delatombe ya ba su zaɓi: ko kisa, ko su tafi ƙauyen Marbaden su gano mai sace 'yan mata a daji. A zatonsa wasu mazambata ne irinsu. Ashe a can abin na gaske ne. Itatuwa suna tashi su sake wuri, ga wata hasumiya marar ƙofa a tsakiyar daji, a ƙololuwarta wata sarauniya ta shekara 500 a kwance. Ta yi tsafin tsawon rai ta samu, amma ba ta haɗa da ƙuruciya ba, saboda haka jiki ya yamutse, kyanta ya rage a cikin madubi kaɗai. Abin da take jira shi ne jinin 'yan mata 12 a daren husufi.

Fim ya ƙare, gardama ta tashi, kuma ta daɗe ba ta kwanta ba. Wani a cikinmu ya ce fim ɗin tsafi ne kawai, a mayar da Bourne. Yayana, wanda shi ne mai ɗakin kuma mai talabijin ɗin, ya ce rabonsa da ya ji tsigar jikinsa ta tashi a kallo haka har ya manta. Wanda ya fi kowa ɗaukar zafi shi ne wani abokinmu da ke karanta Ingilishi a kwalejin ilimi, muna tsokanarsa da Ticha. Shi kaɗai ne ya san su wane ne 'yan'uwan Grimm, ransa kuwa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce an ɗauki malamai biyu masu daraja an mayar da su 'yan iskan gari, an kuma ɗauki tatsuniyoyin da suka tattara daga bakin tsofaffin ƙauye an dagula su.

A zargi na farko Ticha yana da gaskiya, har ta fi yadda ya zata. An haifi Jacob Grimm a 1785, Wilhelm kuma a 1786, a garin Hanau. Mahaifinsu ya rasu a 1796, gidan ya faɗa cikin talauci, watakila daga nan mai rubuta fim ɗin ya tsinci shekarar da ya buɗe labarinsa da ita. Sun karanta shari'a a Marburg, suka ƙare a matsayin mutanen ɗakin karatu, masu tonon tsofaffin takardu da asalin kalmomi. Maimakon Faransawa su ja shi a ɗaure kamar yadda aka nuna, Jacob albashinsu yake ci: daga 1808 shi ne mai kula da littattafan Jérôme, ƙanen Napoleon, wanda aka naɗa sarkin Westphalia a birnin Kassel. A 1837 aka kore su daga jami'ar Göttingen tare da wasu shehunnan malamai biyar, saboda sun ƙi yin shiru da sarkin Hanover ya soke tsarin mulki. A shekarar da ta biyo suka ɗauki aikin babban ƙamus na Jamusanci, aikin da ya binne su duka biyu, ba a kuma kammala shi ba sai 1961. Mutanen da suka yi wannan rayuwa ba su cancanci a nuna su suna lasar bayan kwaɗo don neman hanya a daji ba, in dai tarihi ake so.

Zargi na biyu ne bai tsaya da ƙafarsa ba. Littafinsu na tatsuniyoyi ya fara fita a 1812 da labarai 86, ya yi ta ƙaruwa har bugu na bakwai a 1857 ya kai 200. Galibin labaran ba a bukkar manoma aka samo su ba. 'Yan mata ne masu ilimi na birnin Kassel suke ba su, irin 'ya'yan gidan Hassenpflug, waɗanda ke da tsatson Faransa, da na gidan Wild, inda daga baya Wilhelm ya yi aure. Ko Dorothea Viehmann, matar tela da suka riƙa nunawa a matsayin tsohuwar ƙauye ta asali, jinin Faransawa masu gudun hijira ne a jikinta. Sannan Wilhelm ya shafe fiye da shekara 40 yana gyara, yana datsewa, yana ƙari. A bugun farko, wadda ta sa a kashe Snow White uwarta ce ta cikinta; a 1819 aka mayar da ita matar uba, don kada iyaye su ji kunyar karanta wa yara. Haka aka yi wa uwar Hansel da Gretel daga baya. A labarin Rapunzel an share wurin da yarinya ke tambaya me ya sa tufafinta suka matse ta, saboda kowa ya san abin da hakan ke nufi. Jini kuwa bai dame su ba: 'yan'uban Cinderella sun yanke yatsa da dunduniya don takalmi ya shige su, har aka ƙara musu da tattabarun da suka ƙwaƙule musu idanu ranar biki. Wace siga ce ta asali a nan, da har za a ce wani ya ɓata?

Mu da muka taso da Magana Jari Ce bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. A 1936 Abubakar Imam ya zauna a Zariya, Rupert East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, har da na Grimm, cikin 'yan watanni ya fito da littafi uku. Labarin Kalala da Kalalatu da muka yi ta ƙyaƙyatawa a aji, a wurin su Grimm wata kuku ce ta cinye kaji biyu da aka soya wa baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da maigida ke wasawa, ta kuma ce wa maigida baƙo ya gudu da kaji. Imam ya mayar da ita matar aure, ya raɗa musu suna, ya zaunar da su a gidan Bahaushe, ya sa musu baki irin namu. Ban taɓa jin wanda ya ce ya ci amanar Jamusawa ba. Littafin ya fara fita a 1937, shekarar da kamfanin Disney ya saki nasa Snow White a Amurka, wanda aka wanke tas, aka cire takalmin ƙarfe mai zafi da aka sa wa muguwar sarauniya ta yi ta rawa har ta mutu. Kowa ya ɗiba daga tukunya ɗaya, ya juya yadda mutanensa za su ci.

Saboda haka taɓa tatsuniya bai dame ni ba. Abin da na gani da na sake kallon fim ɗin da girmana, bayan na karanta labaran, shi ne haɗama. Daraktan fim ɗin, Terry Gilliam, da marubucinsa Ehren Kruger ba su yarda tatsuniya ɗaya ta ishe su ba. Ga yarinya mai jan mayafi a daji, ga Hansel da ƙanwarsa suna yar da gutsuren burodi, ga dogon gashi yana saukowa daga hasumiya, ga katifu a jibge, ga madubi, ga sumbar da ke tashin mai barci, kowanne a ba shi minti biyu a wuce. Wasu ma ba na Grimm ba ne: waken sihiri na Ingila ne, takalmin gilashi na Bafaranshe Charles Perrault ne tun 1697, domin a wurin Grimm na zinariya ne, ɗan mutum-mutumin biskit mai gudu kuwa a Amurka aka fara buga shi. Fim ɗin ya zama tamkar faifan da ya kawo mana shi: gwargwadon yawan abin da aka cusa, gwargwadon dusashewar kowanne. Ga kuma hayaniya. Peter Stormare, wanda ya fito a Cavaldi, Ba'italiyen da ke gana wa mutane azaba, ihu yake daga farko har ƙarshe. Akwai wurin da aka shuri 'yar kyanwa ta faɗa cikin injin azaba don a ba da dariya, ni dai har yau ban ga abin dariya a ciki ba.

Wani ɓangare na wannan rikici a bayan kyamara aka haife shi. An fara ɗaukar fim ɗin a 2003 a Prague da kewayenta, a Jamhuriyar Czech, amma bai fita ba sai Agustan 2005. Gilliam da masu kuɗin, 'yan'uwan Weinstein, sun yi ta kai ruwa rana. Sun kori mai ɗaukar hotonsa Nicola Pecorini, sun hana shi Samantha Morton da yake so ta fito a Angelika, maharbiyar ƙauyen, aka ba Lena Headey, wadda duniya ta sani daga baya a Game of Thrones. Har hancin roba da ya so ya liƙa wa Matt Damon sai da aka yi faɗa a kansa, aka hana. Abin ya kai ya ajiye aikin ya tafi ya yi wani ƙaramin fim, Tideland, sannan ya dawo ya ƙarasa. An kashe kimanin dala miliyan 88, aka samu wajen miliyan 105 a duniya baki ɗaya, wanda a lissafinsu ba riba ba ce. Masu sharhi a jaridun Amurka da Ingila akasarinsu ba su yaba ba.

To me ya sa ya kama mu haka a zauren nan? Na daɗe ina juya wannan, amsar da na tsaya a kai ita ce rashin sani ne ya yi mana rana. Bature da ya ga jan mayafi ya riga ya san labarin tun yana cinyar uwarsa, saboda haka abin da fim ya yi masa ƙifta ido ne kawai, in aka yi ta ƙifta maka ido kuwa sai ka gaji. Mu ba mu san ana ƙifta komai ba. Yarinya muka gani ita kaɗai a daji, itatuwa suna rufe hanya a bayanta, wani abu yana numfashi a duhu. Ticha, da ya san kowane labari da sunansa, ƙirga su yake yana tsaki, mu kuma zukatanmu na bugawa.

Wurare biyu ne suka zauna mini. Na farko, wata yarinya ta ji doki yana haniniya da dare, ta shiga barga ta lallashe shi, sai ya buɗe baki ya feso yanar gizo-gizo ya naɗe ta, ya haɗiye ta ɗungurungum, ya ruga daji ana jin kukanta daga cikinsa. Na biyu, a bakin rijiya, taɓo ya fantsamar wa wata yarinya a fuska, da ta share sai idanu da hanci da baki suka bi taɓon, ta miƙe da fuska sumul tana laluben hanya, taɓon kuma ya tashi da idanunta yana bin ta. Ba wanda ya tsaya yi maka bayani. A nan ne kaɗai fim ɗin ya yi abin da kakata take yi. In tana ba mu tatsuniyar Ruwan Bagaja, ta kawo inda 'yar bora ta iske cinya da kare a cikin bukka, cinya tana gurnani kare yana fassara, ba ta taɓa gaya mana cinyar wa ce ba, ko ina sauran jikin. In ka tambaya sai ta ce, “Kai dai ka ji, ko in yi shiru?” Sai ka kwana kana ƙera sauran da kanka, wanda ka ƙera kuwa ya fi duk wanda za a nuna maka muni. Inda fim ɗin ya nuna komai, kamar kyarkecin kwamfuta da ke rikiɗa ya zama mutum, tun a lokacin bai tsorata kowa ba, yanzu kam abin tausayi ne.

Akwai kuma yayana. Wannan kafin zamanin fina-finan fassara ne, saboda haka duk ɗakin kallo yana da mai fassararsa, namu shi ne Yaya. Turancinsa na sakandare ne, 'yan fim ɗin kuma kowa da irin lanƙwasar harshensa, wani Faransanci-Faransanci, wani Italiyanci-Italiyanci, rubutun ƙasan faifan kuwa sau da yawa ba shi da haɗi da abin da ake faɗa. Abin da bai ji ba sai ya cike da nasa. Sarauniya ta zama mayya mai kama kurwa. Mahaifin Angelika, wanda aka soka wa ƙusa a ƙirji yake yi wa sarauniya bauta cikin fatar kyarkeci, ya zama maharbin da ya taka sawun iska. In ya ga ƙananan yara sun leƙo ta taga sai ya ƙara gishiri, ya ce irin wannan rijiyar akwai ta a bayan makabarta. Ticha ya yi ta cewa, “Yaya, wallahi ba haka ya ce ba.” Shi kuma ya ce, “To Malam, zo ka karɓa.” Bai taɓa karɓa ba. Yanzu da nake jin kowace kalma, na tarar da zancen fim ɗin bai kai wanda Yaya ya sa masa daɗi ba.

Mun ga wannan gardama ta juyo gida. Da kamfanin Sarauniya na Kano ya mayar da tatsuniyar Daskin-da-Riɗi fim a zamanin kaset, mu yara mun so shi ƙwarai, amma gwaggona ta kalla tana girgiza kai. Ita ta san tsohuwar da ke roƙon 'yan mata su cuɗa mata baya, ta san yadda bayan yake burmawa a hannun wadda ta tsaya, ta ɗauki shekaru tana ganin abin a cikin kanta. Duk wadda aka sa a gaban kyamara ba za ta zama waccan ba. A ranar gwaggo ce Ticha.

Abin da na fi tausaya wa a kallon baya-bayan nan shi ne Heath Ledger. An ce da farko shi aka ba Will, Damon kuma Jake, su da kansu suka nemi a musanya. Ya fito da tabarau da in'ina da ɗan littafi a hannu, mutumin da ya yi kuskure ɗaya yana yaro aka hana shi mantawa, wanda ya iso dajin da ya tabbatar masa ba hauka yake ba. Cikin duk masu ihun nan shi kaɗai ne ka yarda abin ya shafe shi. Ya rasu a Janairun 2008 yana da shekara 28, yana tsakiyar wani fim ɗin na Gilliam, kafin duniya ta gan shi a matsayin Joker. A zaurenmu ba Joker ake ce masa ba, Mai Wake ne.

Bayan wannan fim ɗin Hollywood ta buɗe famfo: Red Riding Hood a 2011, Snow White and the Huntsman a 2012, Hansel & Gretel: Witch Hunters da Jack the Giant Slayer a 2013, Maleficent a 2014. Wasunsu sun fi shi tsari, sun fi shi kyan hoto, sun kuma fi shi kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Na kalle su a waya, ni kaɗai, da abin ji a kunne, ba mai fassara ba mai musu. Yawancinsu yaƙi ne aka sa wa rigar tatsuniya: a ba yarinya takobi, a tara runduna, a gwabza. Ba a rasa abin kallo, amma ba su da dauɗa da wari da rashin kan gado irin na dajin Marbaden, inda ba ka san abin da zai fito daga rijiya ba.

A hutun da ya wuce na kunna wa ɗan ƙanwata shi a kwamfuta. Yaron zamani ne, ya san Cinderella da Rapunzel daga katun, ya yi ta hamma yana cewa, “Kawu, a tura gaba.” Na tura har wurin rijiya. Washegari da safe uwarsa ta kira ni.

“Yaya, me ka nuna wa yaron nan? Na aike shi ɗebo ruwa ya ce sai dai a raka shi.”

Na ce ai gidan famfo ne da su, ba rijiya.

Ta ce, “Famfon ma ya ƙi.”